Suna ko Tallafi: Takardu Biyu a Kan Tabarma Ɗaya a New Bell

Ruwan Agusta na Duwala idan ya kama ba ya sallama. Ran nan tun la'asar yake dukan kwanon ɗakin yayata a New Bell, har sai mun ɗaga murya muke jin juna. Bayan an idar da Isha'i aka kawo shayi, ɗanta na fari ya durƙusa a bakin tabarma ya ajiye takardu biyu da ya bugo a shagon kwafi. Yaron ya ci jarrabawar kammala sakandare, wato bak, a fannin C da sakamako mai kyau, kuma tun yana aji uku na sakandare ba shi da zance sai na kwamfuta.

Takarda ta farko daga wata babbar jami'a ce a Faris, irin wadda ko ɗan bensikin mai haya da babur ya taɓa jin sunanta. An ba shi gurbi, amma ko sisi ba a haɗa masa da shi ba. Ta biyu daga gwamnatin Turkiyya take: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi da ɗan abin kashewa duk wata. Sai dai jami'ar tana wani gari a tsakiyar ƙasar, wanda a cikinmu babu wanda ya iya faɗin sunansa daidai.

Mahaifinsa, Alhaji, mai rumfar atamfa da shadda a kasuwar Kongo, ya ɗauki ta farko ya riƙe ta da hannu biyu. Ya ce, "In dai Faris ce, ko rumfar ce sai in sayar." Yaya ba ta ɗago kai daga kofunan da take ɗaurayewa ba, ta ce, "Alhaji, ƙannensa huɗu fa?" Aka yi shiru, sai ƙarar ruwa. Can yaron ya juyo wajena ya ce, "Kawu, kai me ka gani?"

Ban amsa masa a daren ba. Na san ba gidan yayata kaɗai ake wannan zama ba, shi ya sa na ga ya kamata in baje amsar a fili.

Zan fara da Alhaji, domin mutane suna saurin cewa irin nasa tunanin son a sani ne kawai, ni kuwa ban yarda ba. Wanda ya girma a kasuwa ya san suna jari ne. Dila goma ta atamfa ana iya ba ka bashi ba tare da takarda ba, saboda an san mahaifinka, an san bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Wani kuma ya zo da kuɗinsa a hannu, a tsaya ana duban sa. Alhaji ya ga yadda suna ke buɗe ƙofa a kasuwar Kongo da babbar kasuwa shekara talatin, to me zai hana ya yi tsammanin haka abin yake a Bonanjo, inda bankuna da manyan ofisoshi suke?

Kuma haka ɗin yake. Unguwar nan tamu tun asali ta baƙi ce. Jamusawa ne suka yanke ta gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya ta cika da Hausawa da Bamileke da Basa da sauran masu neman abinci. Kakanninmu sun zo da goro da shanu da tufafi, sun gina masallatai da makarantun allo, amma boko mun shige shi a makare. Saboda haka yaron New Bell da ya gama digiri yau, galibi ba shi da baffa darakta ko gwaggo a ma'aikatar gwamnati da za ta ɗaga masa waya. Takardar neman aikinsa za ta shiga cikin ɗaruruwa a MTN ko Orange, mai tantancewa ya ba ta daƙiƙa kaɗan. A wannan ɗan lokaci, sunan makaranta shi ne baffan da ba shi da shi.

Akwai binciken da ya taɓo wannan daidai. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, sun fitar da nazari a 2002 a kan ɗaliban da manyan jami'o'i suka karɓa, wasu suka je, wasu suka zaɓi ƙananan makarantu. Bayan shekaru, abin da ɓangarorin biyu ke samu bai bambanta sosai ba, wato ƙoƙarin yaron ne ya fi yin aiki a kan sunan makarantar. Masu goyon bayan tallafi suna son kawo wannan hujja su tsaya a nan. Amma binciken yana da wutsiya: 'ya'yan talakawa su kam sun amfana da zuwa babbar makaranta, kuma da masanan suka sake bibiyar lamarin bayan shekaru, sai suka ga haka ga waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Ɗan minista ko ina ya yi karatu akwai mai jiran sa. Ɗan mai rumfar atamfa shi ne wanda abokan aji da tsofaffin ɗalibai da malamai masu faɗa a ji za su iya canza wa rayuwa. Amurka ba Kamaru ba ce, amma wannan darasi ya yi kama da abin da idona ya gani a nan. Da a ce takardun biyu kyauta suke, da ban ɓata bakina ba, da na ce ya tafi Faris.

To amma ba kyauta suke ba, kuma a nan ne na zauna da biro da takarda.

Kafin Faransa ta ba ɗalibi biza, an daɗe ana neman ya nuna yana da yuro 615 na kowane wata. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, don haka lissafin ba ya motsi: sama da sefa dubu 400 a wata, kusan miliyan 4.8 a shekara. Sannan a 2019 aka ɗaga kuɗin rajista ga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2,770 a digiri na farko, kimanin sefa miliyan 1.8. Wasu jami'o'in suna yafe wannan ƙari, amma ba a gina gida a kan wataƙila. In an haɗa, shekara ɗaya ta kai miliyan 6.6, shekara uku kusan miliyan 20, ban da tikiti da rigar sanyi da kwamfutar kanta. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani a Kamaru, kamar yadda aka tsayar a 2023, sefa dubu 60 ne a wata. Wato kuɗin shekara ɗaya a Faris ya haura albashin irin wannan ma'aikaci na shekara tara. Yuro 615 ɗin ma ƙa'idar ofishin biza ce kawai. A Faris kuɗin hayar ɗaki ɗaya zai iya lashe mafi yawansa. Jamus da Kanada, inda 'yan Kamaru suke tururuwa, ba su fi sauƙi ba: a 2024 Jamus ta kai abin da ake kullewa a asusu zuwa yuro 11,904 na shekara, Kanada kuma ta ninka nata ya koma dalar Kanada 20,635.

Na san yadda muke tara irin wannan kuɗi. A kwashi adashi, a sayar da fili a ƙauye, uwa ta fitar da sarƙarta, abokin kasuwa ya ara wa Alhaji miliyan biyu su kwana a banki har a buga takardar shaida, sannan a mayar masa da abinsa. Biza ta fito, a yi walima, a raka yaro filin jirgi. Wata na huɗu sai kira ya fara zuwa. Kasuwa ta yi sanyi, ko gobara ta taɓa layin rumfuna, abin da kasuwannin Duwala suka sha gani. Yaron da ya san halin da gida ke ciki ba zai iya buɗe baki ya roƙa ba, sai ya nemi aiki. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 964 a shekara, kusan awa 20 a mako. Wanke kwanuka a gidan abinci, gadin dare, kai saƙon abinci a kan keke cikin hunturu. Duk sana'a ce ta halal, ba na raina ko ɗaya. Abin da nake tambaya shi ne daga ina waɗannan awoyi suke fitowa.

Daga karatun suke fitowa, kuma ilimin kwamfuta ba ya yafe wannan. Ba fanni ne da ake haddacewa daren jarrabawa ba. Mutum zai rubuta manhaja ta ƙi tashi, ya zauna awa biyar yana bin ta layi-layi, ƙarshe ya tarar waƙafi ɗaya ne ya ɓace. A cikin wannan awa biyar ɗin ake zama gwani. Na sha ganin ɗan yayata a haka: wuta ta ɗauke, ya jona kwamfutar da ya saya ta hannu da batirin mota da ya aro, zufa na ɗiga a kan madannai, ƙannensa suna barci a gefensa, shi ko a jikinsa. Abin da yake da shi ke nan da ya fi komai tsada, wato iya zama a kan matsala har ta warware. In aka tura shi inda zai sayar da wannan lokaci don ya biya haya, an sayi suna an bar abin da sunan ya kamata ya tsaya a kai. Ga shi kuma shekarar farko a jami'o'in Faransa ba wasa ba ce: ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, malami bai san sunan kowa ba, kusan rabi ba sa hayewa a karon farko. Ɗan ƙasa in ya faɗi ya maimaita. Baƙo kuwa sabunta takardar zamansa tana rataye da nuna cewa karatun yana tafiya.

Wani abu kuma da ya raba wannan fanni da likitanci ko lauya: babu wata hukuma da sai ta ba ka lasisi kafin ka rubuta manhaja. Aikinka yana iya yin magana da bakinsa. Kamfanoni da yawa, musamman masu ɗaukar ma'aikata daga nesa, za su ba ka matsala su ce warware muna kallo, su leƙa abin da ka ajiye a GitHub. Darussan MIT suna kan intanet kyauta fiye da shekara ashirin, darasin CS50 na Harvard ma kyauta yake. A farkon 2017 aka bayyana Nji Collins, ɗan shekara 17 daga Bamenda, cikin waɗanda suka lashe gasar Google Code-in, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, a daidai lokacin da aka yanke intanet a yankunan masu magana da Ingilishi na tsawon wata uku. Ko jami'a bai shiga ba a lokacin. Arthur Zang, wanda ya ƙera Cardiopad, na'urar da ke auna bugun zuciya a ƙauye ta aika wa likita a birni, a Yawunde ya yi karatunsa, kuma ilimin haɗa na'urar ya ƙaro shi ne daga darussan kyauta na intanet. Ya karɓi kyautar Rolex a 2014, sannan kyautar injiniyoyin Afirka ta Ingila a 2016. Ba kowa ne zai zama su ba, na sani. Na kawo su ne don a ga cewa a wannan fanni ƙofa ba ɗaya ba ce.

Kada a ɗauka ina wanke tallafi tas. Yana da nasa ƙayoyin.

Na Turkiyya yana farawa da shekara guda cur ta koyon Turkanci, kuma sau da yawa da shi za a yi karatun. Yaron da ya taso da Hausa a gida, Faransanci a makaranta, Larabci a allo, Fijin a kasuwa, zai ƙara harshe na biyar, alhali Ingilishi, wanda shi ne harshen kwamfuta, yana nan yana jiran sa. Kuɗin Turkiyya ya sha faɗuwa a 'yan shekarun nan, abin kashewar da ake bayarwa yana narkewa a hannu, dole gida ya riƙa ɗan taɓawa. Ba kai kake da cikakken zaɓin gari ko makaranta ba. In ka yi sakaci da maki, ana iya yankewa. Amma harshen da nake lissafawa a matsayin nauyi, a Duwala riba ne: 'yan kasuwarmu nawa ne suke hawa jirgin Istanbul suna neman mai yi musu tafinta?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake kira tallafi alhali tarko ne. Dillalai suna yawo da takardu masu sheƙi suna cewa an samo wa yaro "burs na kashi 50" a Arewacin Kuburus ko wata ƙasa. Rangwame ne a kan farashin da makarantar ta yanka da kanta, sauran rabin da haya da abinci duk a wuyan uba, dillali kuma ya karɓi kamashonsa ta gaba da ta baya. Yaran Kamaru da Najeriya da dama sun maƙale a can, ba karatu ba kuɗin dawowa. Tallafi na gaskiya ba a sayen sa. Na gwamnatin Turkiyya ta intanet ake nema, ba a biyan ko sisi, kuma masu nema sun haura dubu 100 a shekara, 'yan dubbai ake ɗauka. Wannan ma wani suna ne, ko da ba a rataye shi a ƙofar makaranta ba. Sai kuma a duba zaman lafiyar ƙasar, domin mun ga yadda ɗalibanmu suka baro Yukren a 2022 da Sudan a 2023, wasu ko takardun makinsu ba su ɗauko ba. A tambaya tun wuri ko ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde za ta amince da digirin idan an dawo. A buɗe jadawalin darussa a gani: akwai lissafi mai nauyi, da algoridim, da tsarin rumbun bayanai, da yadda kwamfuta ke aiki daga ciki? In ba komai sai koyon amfani da manhajojin ofis, to ko kyauta ne ya yi tsada, domin shekara huɗu ta ƙuruciya ba ta dawowa. Irin wannan bincike shi zai sa a gane darajar wurare kamar Jami'ar Fasaha ta Musulunci da ke Gazipur a Bangaladash, wadda take ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, Kamaru kuma mamba ce tun 1974. Sunanta ba ya tashi a New Bell, amma makarantar injiniyoyi ce ta gaske.

Bari in ɗan ratse. Ga 'ya'yanmu mata, tallafi mai ɗakin kwana da kulawa sau da yawa shi ne kaɗai abin da ke sa uba ya ce "to". Na san gidajen da ba za su taɓa sayar da fili don karatun 'ya mace a Turai ba, ko da ta fi yayyenta maki. Wannan ba daidai ba ne, amma haka yake, kuma kafin mu gyara shi, kowace yarinya mai ƙoƙari a lissafi ya kamata a zaunar da ita ta cike takardun neman tallafi tun tana ajin ƙarshe.

Akwai takarda ta uku da ba ta kan tabarmar a daren nan, kuma rashinta ya fi ba ni haushi. Babbar makarantar injiniyoyi ta Yawunde, wadda kowa ke kira Politeknik, an kafa ta a 1971, tana unguwar Melen, awa huɗu ko biyar a mota daga nan. A cikin Kamaru babu sunan da ya fi nata nauyi a wannan fanni, can Arthur Zang ya fito. Jami'o'in gwamnati kuwa tun gyaran 1993, wanda ya soke alawus ɗin ɗalibai ya kuma haifar da Jami'ar Duwala, kuɗin rajistarsu na asali sefa dubu 50 ne a shekara. Duwala ma tana da tata Politeknik ɗin da kuma cibiyar fasaha ta IUT. A nan suna da araha sun haɗu a wuri ɗaya. Abin da ke tsakani shi ne jarrabawar shiga mai zafi, wadda wasu unguwanni suke shirya 'ya'yansu dominta tun shekara guda kafin lokaci, da darasin yamma da tsofaffin tambayoyi. Mu kuwa sai sakamakon bak ya fito muke fara tambayar ina za a je. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan yayata bai zauna wannan jarrabawa ba domin babu wanda ya gaya masa da wuri, kuma ni ma ina cikin waɗanda ba su gaya masa ba. Da ya ci ta, da ita zan fifita a kan takardun nan biyu.

Abin da ya kwance mini ƙullin a ƙarshe shi ne lura da cewa ba sau ɗaya ake sayen suna ba. Digiri na farko tushe ne, wanda ake rataya wa a bango kuwa galibi na ƙarshe ne. Yaron da ya fito da maki masu kyau, ba bashi a wuyansa, da ayyukan da zai nuna, yana da damar neman babban suna a digiri na biyu da kuɗin wasu. Carnegie Mellon, wadda ke sahun gaba a duniya a ilimin kwamfuta, tana da reshe a Kigali tun 2011, kuma gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Cibiyar AIMS da ke Limbe, nan kusa da mu, tun 2013 take ba da karatun lissafi mai zurfi kyauta ga waɗanda ta zaɓa. A 2018 aka buɗe shirin digiri na biyu a ƙirƙirarriyar basira a Kigali ƙarƙashin Moustapha Cissé ɗan Senegal, da tallafin Google da Facebook. Digiri na biyu a Faransa shekara biyu ne, kuma a wannan mataki ne aka fi samun tallafi da aikin koyon sana'a mai albashi. Wanda ya ƙone jarin gidansu a shekara uku na farko, ko ya gama lafiya, dole ya kama aikin da ya fara samu don ya biya bashi. Ƙannensa huɗun da Yaya ta ambata kuma sun riga sun biya nasu kason ba tare da an tambaye su ba.

Bayan kwana uku na koma gidan. Na ce wa Alhaji, "Alhaji, maganarka a kan suna gaskiya ce, ban musa ba. Amma in ka sayar da rumfar, da me za ka tura masa kuɗin shekara ta biyu?" Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Na juya ga yaron na ce masa ya karɓi tallafin, da sharaɗi uku: ya riƙe Ingilishi kamar yadda zai riƙe Turkanci, kada wata ya wuce bai gina wani abu da hannunsa ya ajiye inda duniya za ta gani ba, kuma daga shekara ta uku ya fara neman Faris ɗin ko Kigali a digiri na biyu. Wanda mahaifinsa zai iya fitar da miliyan 20 ba tare da ya taɓa jari ko ya hana wani ɗa karatu ba, wannan ya tafi babbar makarantar, ina yi masa fatan alheri. A layinmu ban san gida uku da za su iya haka ba.

Ya tashi a watan Satumba. Rumfar Alhaji tana nan a kasuwar Kongo, ƙanwarsa mai bi masa kuma tana ajin ƙarshe a fannin C. Iyaye da kawunai na New Bell, kada mu jira sakamakon Yuli: neman tallafin Turkiyya a watan Janairu ake buɗe shi, shirin jarrabawar Politeknik kuwa tun ranar da aka koma makaranta ya kamata a fara shi.